Abin da na ji ta bayan katanga

Muna gode wa Allah Maɗaukakin Sarki a kan ni'imominsa, muna salati da sallama ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, yau zan ajiye babin ƙabli da ba'adi na Risala da muke ciki, domin wata tambaya da ta shigo mini a waya har sau uku cikin kwana biyu. Wani matashi daga cikin masu sallah a bayana ya rubuto da ladabi ya ce: “Allah gafarta Malam, an ce an gan ka zaune a kan tabarmar makoki a gidan Kirista. Shin gaskiya ne? In gaskiya ne, mene ne hukuncinsa?” Gaskiya ne, ɗana, ba a yi mini ƙage ba. Hukuncin kuma zan zo gare shi. Amma da na ba ka shi a layi biyu, da na ɓoye maka abin da ya fi nauyi a cikin lamarin. Saboda haka ku yi haƙuri da tsawon rubutun, wanda bai samu sarari yanzu ba ya bari sai bayan Isha'i.

Mutumin da na je yi wa gaisuwa kafinta ne, ba zan ambaci sunansa ba, mutanen unguwa sun san shi. Asalinsa daga kudancin Barno yake, inda Kiristoci suke da yawa, amma ya shekara kusan 20 yana sana'arsa a Damasak. A ƙarshen watan Nuwamba na 2014 ne Boko Haram suka shiga Damasak. Duk wanda ya san Komadugu ya san cewa a wannan lokaci ne take cika ta batse, ruwan da ya taso tun daga ƙasar Kano da Bauci sai a sannan yake isowa gare mu. Haka mutane suka faɗa mata, mai iya iyo da wanda bai iya ba. Waɗanda Allah ya ƙetarar suka baje a Gagamari da Shatimari, wasu suka ƙaraso cikin garin Diffa. Shi ya ƙetaro da matarsa da ƴaƴa uku. Na huɗun, yaro ɗan shekara 11, tun safiyar ranar ba a sake ganinsa ba. Ko ruwa ne ya ci shi, ko yana cikin ɗaruruwan yaran da aka kwashe daga garin, har yau iyayensa ba su samu wanda ya ce musu ga zance ba.

Ya samu wani ɗan fili a bayan gidana, ya kafa rumfa ya kewaye da zana. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Gaisuwa muke yi kawai, ba ta wuce “ina kwana, Malam” da “lafiya lau, maƙwabci” ba.

Ba a yi wata biyu ba sai ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015, bayan wata jaridar Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Fiyayyen Halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ranar Juma'a 16 ga wata Damagaram ta kama wuta, ranar Asabar 17 Yamai ta ɗauka. Mutum 10 suka rasa rayukansu, kuma a Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga coci 45 da aka ƙone. Fushin da muka ji a kan zanen nan fushi ne na imani, ban janye ko kalma ɗaya daga abin da na faɗa a kan mumbari game da shi ba. Sai dai wanda ya yi zanen yana Faris, wanda aka ƙona wa ɗakin ibada da shago kuwa ɗan ƙasa ne ko baƙon da ya zo neman abinci, bai taɓa ganin jaridar da idonsa ba.

Daren Asabar ɗin nan, bayan an watse daga Isha'i, na ji sallama a zaure. Kafinta ne, ɗauke da akwatin kayan aikinsa, matarsa na bayansa da yara. Ya ce: “Malam, ka ajiye mini waɗannan. Ni zan kwana a rumfa.” A nan ne zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai mai ɗakina. Na bar bawan Allah nan tsaye a bakin ƙofa na wani lokaci, ina lissafi a zuciyata: me za a ce gobe in aka ji liman ya kwanar da Kiristoci? Wa zai daina bi na sallah? Uwargida ce ta fito daga ciki, ba ta ko dube ni ba, ta kama hannun matar ta ce: “Shigo, ƴar'uwa, yaran nan sanyi zai kama su.” Kwana biyu suka yi a ɗakinta. Allah ya kiyaye, ba abin da ya same su. Mutane daga baya sun yaba mini a kan wannan, ni kuwa na san kunya ce ta sa na matsa daga bakin ƙofar, ladan na uwargida ne.

Abin da ya biyo baya kun san shi, da ku aka yi. Ranar 6 ga Fabarairu aka kawo hari Bosso da Diffa, gari ya kusa zama kufai, motoci cike suna nufar Damagaram. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawan babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, suka yi ta tafiya a ƙasa cikin zafin bazara. Ranar 3 ga Yuni na 2016 aka sake afka wa Bosso, kimanin mutum 50,000 suka watse, gefen kwalta ya cika da bukkokin kara da leda tun daga Kinjandi har zuwa kusa da mu. Ban kawo waɗannan don in yi wa kowa shari'a ba. Na kawo su ne don ƙananan cikinku su san irin ƙasar da abin da zan faɗa ya tsiro a kanta.

Muna da gonar gado a bakin Komadugu, ta tattasai, ita ce ta ɗauki nauyin karatuna tun ina almajiri a tsangaya har na zauna gaban malamai na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala. Ƙanena ne yake noma ta. Bayan an bar ƙauyen, yunwa ta sa shi komawa a ɓoye don ya ga ko zai tsinci wani abu. Mutanen daji suka same shi a can. Gawarsa aka kawo mana a kan amalanke, ni na yi masa wanka, ni na sallace shi. Ya bar mini marayu biyar.

Daga ranar nan wani abu ya mutu a cikina, kuma ba wanda ya sani. Ina shiga mihrabi sau biyar, harshena yana karatu, zuciyata tana can bakin kogi. Na bar tsayuwar dare da na riƙe tun ina saurayi. In na ɗaga hannu zan yi addu'a sai in ji kamar wanda ke magana da bango, in shafa in tashi. Abin da ya fi muni, a lokacin ne na fi yawan huɗuba a kan haƙuri, domin kusan kowane mako akwai wanda za a kai makwanci. Ina gaya wa mutane su yarda da ƙaddara, ni kuwa a ɓoye ina jin haushin tawa. Ban yi saɓo da bakina ba, Allah ya tsare ni daga wannan. Amma na yi abin da ɗa yake yi in ya yi fushi da mahaifinsa: yana gaishe shi, yana zuwa aike, amma ya daina zama kusa da shi. Kusan shekara guda na yi a haka.

Da yake barci ya ƙaurace mini, nakan zauna a tsakar gida tun kafin kiran assalatu. A nan ne na fara lura da abin da ke faruwa ta bayan katanga. Kullum a wannan lokaci kafinta da matarsa sukan tashi. Su yi waƙa da Hausa, murya ƙasa-ƙasa don kada su dami kowa. Sai ya karanta wani abu daga littafinsu. Sai su yi addu'a, suna kiran sunan ƴaƴansu ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ɓata, kamar yana kwance a ɗaki tare da sauran. Da farko abin ya ba ni haushi. Na ce a raina, mutumin da bai san inda ɗansa yake ba, me ya gani na waƙa?

Wata rana makarar masallacinmu ta karye, don ta sha aiki fiye da ƙima a shekarun nan. Ladan ya kai masa gyara. Da la'asar ya dawo da ita da kansa, ya sake mata ƙafafu da katako mai kyau, na ciro kuɗi ya ƙi karɓa. Ya ce: “Malam, wadda ake ɗaukar maƙwabtana a kanta ba zan ci kuɗinta ba.” Muka zauna a inuwar bedi ta ƙofar masallaci, ban san yadda aka yi ba sai na ji bakina ya tambaye shi abin da ke raina.

Ya yi shiru, sannan ya ce: “Malam, kada ka ɗauka ƙarfi gare ni. Wata shida na farko ban iya addu'a ba ko sau ɗaya. Matata tana yi, ni ina juya mata baya. Na ce ba ni da magana da Allah sai ya dawo mini da yarona.” Ya ce da ya gaya wa fastonsu, bai yi masa faɗa ba. Ya buɗe masa Zabura da littafin Ayuba, ya nuna masa wuraren da masu su suke kuka, suna tambayar Ubangiji har yaushe, ya ce masa: in fushi kake ji, ka kai wa Mai shi, ka daina kai wa matarka da yara. Sai ya kawo mini misalin da har yau yake kaina. Ya ce: “In babban baƙo ya yi sallama ranar da ruwa ya rushe maka ɗaki, ba ka ce masa ya koma sai ka gama gini. Tabarmar da ta rage ita kake shimfiɗa masa a cikin taɓon. Ni jira nake yi wahala ta wuce sannan in buɗe wa Allah ƙofa. Da na ga ba ta da ranar wucewa, sai na buɗe a haka.”

Na tambaye shi ko ya samu sauƙi. Ya ce zafin yana nan inda yake, abin da ya canja shi ne ya daina ɗaukarsa shi kaɗai. Ya ce a wurinsu akwai abin da suke kira girma cikin ruhu, kuma da can ya ɗauka yawan zuwa sujada ranar Lahadi da haddace ayoyi ne. Ya dube ni ya ce: “Ku ne manoman tattasai, Malam. Irin da aka bari a inda aka yafa shi ba ya yin ƴaƴan kirki. Sai an tumɓuke shi an dasa, ya yi kwanaki a langaɓe kamar ya mutu, sannan ya kama ƙasa.” Ya lissafa mini abin da ya ɗora wa kansa tun daga lokacin: tashi kafin gari ya waye ko yana so ko ba ya so, ambaton abu uku da zai gode a kansu kowace rana ko da ruwan sha ne, da roƙa wa waɗanda suka kore shi shiriya. Ya ce wannan na ƙarshen ya fi shekara yana faɗarsa da baki kafin zuciyarsa ta fara bin bakin.

A nan wajibi ne in tsaya in yi bayani, don kada wani ya yanki rabin maganata ya yaɗa. Tsakanina da maƙwabcina akwai saɓanin da ba ya ɗinkuwa da daɗin baki. In ya ce ya buɗe ƙofa, a aƙidarsa yana nufin karɓar Yesu a matsayin Ubangiji mai ceto. Ni kuwa na gaya masa a fili, ba sau ɗaya ba, cewa Annabi Isa ɗan Maryama, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bawan Allah ne kuma manzonsa, Allah bai haifa ba kuma ba shi da abokin tarayya. Shi ma ya gaya mini nasa bai ɓoye ba. Na kira shi zuwa Musulunci, ina kuma roƙa masa shiriya har gobe, shi ma ya ce yana sa ni a addu'arsa, muka yi dariya. Haka nan mu ba ma cewa Allah yana shiga cikin wani abu daga halittarsa, ya tsarkaka daga haka. Kalmominmu su ne tuba, da komawa ga Allah, da ambatonsa, da yarda da hukuncinsa. Ban ɗauki aƙida daga kafinta ba, kuma ba na umartar kowa ya je neman ta a can.

Abin da ya yi mini shi ne ya kunyata ni, ya kora ni zuwa ga littattafaina. Daren nan na buɗe Suratu Yusuf, wadda na yi tafsirinta a watan azumi ya fi sau goma, na karanta ta kamar ban taɓa gani ba. Ga Annabi Yaƙubu, uban da aka raba da ɗansa bai ga gawa ba bai ga kabari ba, daidai halin maƙwabcina. Ya yi kuka har ganinsa ya tafi, shekaru suna wucewa bai daina ambaton yaron ba, har ƴaƴansa suka gaji da shi. Duk da haka Alƙur'ani bai cire shi daga cikin masu kyakkyawan haƙuri ba, saboda kukansa wurin Allah yake kai shi, kuma bai yanke ƙauna ba. Ibnul Ƙayyim ya yi bayanin wannan a littafinsa Uddatus Sabirin: kai kuka ga Allah ba ya warware haƙuri, abin da yake warware shi shi ne kai ƙarar Allah wurin bayinsa. Na san wannan mas'ala, na koyar da ita. Amma ni ban yi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ban kai ƙara wurin mutane ba, ban kuma kai kuka wurin Allah ba, na haɗiye na yi gum, na sa wa abin suna haƙuri, alhali gaba ce nake yi.

Na kuma tuna shekara ta 10 bayan aiko Annabi, wadda ake kira shekarar baƙin ciki, da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu. Ya tafi Ɗa'ifa, suka sa yara da wawaye suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a wata gonar inabi ta Utba da Shaiba ƴaƴan Rabi'a, abin da ya fara yi shi ne kai kukan rauninsa ga Ubangijinsa. Wanda kuma ya kawo masa inabi a faranti a wannan rana shi ne Addas, bawa Kirista mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa. Ban kwatanta kaina da kowa a cikin wannan ƙissa ba, Allah ya tsare ni. Na dai fahimci cewa Allah yana aiko da sanyi ta hannun wanda ya ga dama. A daren nan na yi alwala na tsaya, raka'a biyu kawai na iya, na yi kukan da ban yi ba ranar da na binne ƙanena.

Shekarun da suka biyo ba su zo da sauƙi ba. A watan Yuni na 2019 labari ya bazu cewa an aiko wa Kiristocin yankin nan wa'adin kwana 3 su tashi. Ya tura iyalinsa Damagaram na ɗan lokaci, shi ya zauna. A wannan karon ni na je na yi masa sallama, ban jira ya zo ba. Da Komadugu ta yi ambaliya a 2019, da kuma 2022, yana cikin masu cika buhu da yashi tare da samarinmu, da furfurarsa.

Yanzu ga amsar tambayarka, ɗana. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da na nesa, malaman tafsiri kuma sun shigar da wanda ba Musulmi ba a ciki. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta alheri da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba, ba su kuma fitar da mu daga gidajenmu ba. Mutumin nan kuwa tare aka fitar da mu, hannu ɗaya ne ya kore shi ya kashe namu. Buhari ya ruwaito cewa Annabi ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima lokacin da ya kwanta ciwo. Abdullahi ɗan Amru, in an yanka akuya a gidansa, yakan tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude. A kan ta'aziyya ga wanda ba Musulmi ba malamai sun yi saɓani, da yawa sun halatta, musamman ga maƙwabci, kuma shi na ɗauka. Iyakokin su ne: ba ma shiga cikin ibadarsu, ba ma yi wa mamacinsu sallah, ba ma nema masa gafara, kamar yadda aya ta 113 a Suratut Tauba ta nuna. Muna ba mai rai haƙuri, mu roƙa masa alheri da shiriya, mu kai abinci, mu taya shi abin da maƙwabci yake taya maƙwabci. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zuwa ba, ban ce ya yi laifi ba, amma ya kame bakinsa daga wanda ya je.

Matarsa ce ta rasu ranar Litinin, bayan jinyar wata huɗu. Ban je cocinsu ba, ban je maƙabarta ba. Da suka dawo na shiga na zauna a kan tabarma, na ce: “Maƙwabci, Allah ya ba ka haƙuri, ya raya abin da ta bari.” Ya riƙe hannuna ya ce: “Malam, ta tafi ba ta ji labarin yaron ba.” Ban sami abin da zan ce masa ba, muka zauna shiru har aka kira Magariba. Uwargida kuwa tun ranar ba ta iya cin abincin kirki ba, shekara da shekaru suna miƙa wa juna gishiri da wuta ta kan katanga.

Jiya kafin assalatu ina kan buzuna sai na ji an fara waƙar nan ta bayan katanga, murya ɗaya, tana rawa. Da ya zo lissafin sunaye ya ƙara nata.

Matan gidana za su kai abinci gobe da jibi. Maƙwabtan da ke da niyya su haɗa da su, ƙaramar ƴarsa ce kaɗai ta rage a gabansa kuma ba ta saba da tukunya ba. Karatun Risala zai ci gaba gobe bayan Magariba in Allah ya kai mu, daga inda muka tsaya, mas'alar wanda ya manta zaman tahiyar farko ya miƙe tsaye. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.